Ilimin Ƙirƙira ga Matasa: Rawar Wurin Koyo da ta Abokan Haɗin Gwiwa

A shekarar 2024 abubuwa biyu suka faru da suka fito da maganar ilimin ƙirƙira daga zauren masana zuwa bakin iyaye da malamai. A watan Fabrairu, ministocin ilimi da na al'adu na ƙasashen duniya suka hallara a Abu Dabi ƙarƙashin hukumar UNESCO, suka amince da wani tsari na koyar da al'adu da fasaha, wanda ya nemi makarantu su ƙulla alaƙa mai ɗorewa da gidajen tarihi da ɗakunan karatu da masu fasaha da sauran jama'ar gari. A watan Yuni kuma OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe galibi masu arziki, ta fitar da sakamakon gwajinta na ɗaliban ƙasashen duniya, wato PISA, na farko da ya auna tunanin ƙirƙira na ɗalibai 'yan shekara 15 a ƙasashe da yankuna 64.

Kalamai irin su "wurin koyo mai zaburarwa" da "haɗin gwiwa da al'umma" suna yawan fitowa a jawaban jami'ai da takardun neman tallafi, amma ba kasafai ake fayyace su ba. Mai sauraro yakan rasa gane inda aka dosa: sai an rushe tsoffin azuzuwa an gina sababbi ne? Za a rage wa karatu da lissafi lokaci ne? Ko kuwa gwamnati ce ke neman ɗora wa jama'a nauyin da yake nata? Tsarin na UNESCO dai ba doka ba ne da ta hau kan kowace ƙasa, jagora ne da kowace gwamnati za ta ɗauka gwargwadon halinta. Sai dai irin waɗannan takardu su ne kan rikiɗe su zama manhaja da kasafin kuɗi bayan 'yan shekaru, shi ya sa ya dace a san abin da ke cikinsu tun yanzu.

Me ake nufi da waɗannan kalmomi?

Ilimin ƙirƙira ya fi darasin zane ko na kiɗa faɗi. Wani kwamiti da gwamnatin Birtaniya ta kafa ƙarƙashin jagorancin Ken Robinson ya bayyana a rahotonsa na 1999 cewa ƙirƙira aiki ne na tunani da ake sarrafawa har ya haifar da abu sabo kuma mai amfani. Dole sharuɗɗan biyu su haɗu. Yaron da ya kwafi zanen malaminsa tsaf bai ƙirƙiri komai ba, ko da zanen ya yi kyau. Wanda ya zo da dabarar da ba ta warware komai ba, shi ma da sauransa. Gwajin PISA ya bi wannan fahimta: ya gwada ɗalibai a rubutu, da zane, da warware matsalar zamantakewa, da warware matsalar kimiyya, yana duba ko za su iya kawo shawarwari mabambanta, ko su kawo wadda ba kowa zai tuna da ita ba, ko su gyara ta wani ta ƙara inganci.

A maki 60 na gwajin, matsakaicin ƙasashen OECD ya tsaya a 33. Singafo ce kan gaba da 41, sai Koriya ta Kudu da Kanada da 38 kowacce. Babu ƙasar da maza suka zarce mata. 'Ya'yan masu hali kuma sun ba 'ya'yan marasa hali rata mai yawa, kuma wannan rata ce ta jawo hankali ga batun wuri da abokan hulɗa: yaron da gidansu ke da littattafai da kayan aiki da manyan da za su saurare shi ya riga ya samu abin da ake magana a kai, wanda ba shi da su kuwa sai makaranta ko gari sun samar masa.

Wurin koyo kuma bai tsaya ga bango da rufi ba. Ya haɗa haske da iska da sauti da kayan aiki, ya kuma haɗa dokokin amfani da wurin: wa ke riƙe da makulli, ƙarfe nawa ake rufewa, ko an yarda yaro ya bar aikin da bai gama ba a kan tebur ya dawo gobe ya tarar da shi. Shi kuwa haɗin gwiwa, yarjejeniya ce tsakanin makaranta da wani na waje, inda ɓangarorin biyu ke tsara aiki tare na tsawon lokaci. Gudummawar kwamfutoci ko ziyarar rana ɗaya alheri ne, amma ba su kai wannan matsayi ba.

Inda tunanin ya samo asali

A 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen ƙauyen Villa Cella da ke kusa da birnin Reggio Emilia a arewacin Italiya suka sayar da wata tankar yaƙi da manyan motoci da dawakai da sojojin Jamus suka gudu suka bari. Da kuɗin, da tubalan da suka tsinto daga gidajen da bama-bamai suka rusa, suka gina wa ƙananan 'ya'yansu makaranta da hannunsu. Wani matashin malami mai suna Loris Malaguzzi ya ji labari ya hau keke ya je ya gani, kuma ya zauna tare da su. Daga wannan yunƙuri aka samu tsarin da hukumar birnin ta karɓa, ta buɗe makarantarta ta farko a 1963.

Makarantun Reggio suna ɗaukar muhalli a matsayin malami na uku. Kowacce tana da ɗakin fasaha da ƙwararren da aikinsa ke nan, kayan aiki suna ajiye a inda hannun yaro zai kai, bangon kuma yana ɗauke da matakan aikin yaran tun daga zanen farko har zuwa na ƙarshe. Abin da ake yawan mantawa idan ana kwaikwayon tsarin shi ne, iyaye ne suka kafa shi kuma suna cikin tafiyar da shi. Wuri da jama'a tare suka taso, ba a yi ɗaya aka nemo ɗayan daga baya ba.

Abin da bincike ya nuna game da aji

Bincike mafi shahara a nan shi ne na Jami'ar Salford a Ingila, ƙarƙashin Peter Barrett, da aka wallafa a 2015. An auna azuzuwa 153 a makarantun firamare 27, aka bi ci gaban ɗalibai 3,766 na tsawon shekara guda. Sakamakon ya nuna cewa yanayin aji ne ke bayyana kashi 16 cikin 100 na bambancin ci gaban da ake gani tsakanin ɗalibai. Kusan rabin wannan tasiri ya fito ne daga abubuwa uku da ba sa ɗaukar ido a hoto: hasken rana, da daidaiton zafi da sanyi, da iska mai kyau. Sauran rabin ya rabu biyu: yadda yara ke jin ajin nasu ne kuma ana iya sauya tsarin zamansa, da kuma yawan launi da ado. Girman makaranta baki ɗaya da ɗakunanta na musamman ba su yi tasirin da ajin da yaro ke wuni a ciki ya yi ba.

Akwai iyaka ga wannan bincike da ya kamata a faɗa. Karatu da rubutu da lissafi ya auna, bai auna ƙirƙira ba. Masu kafa hujja da shi don neman gina ɗakunan fasaha na alfarma suna ɗora masa abin da bai faɗa ba. Abin da ya tabbatar shi ne, yaron da ke zaune cikin duhu da zafi da cunkoso yana asarar wani kaso na karatunsa, kuma babu dalilin zaton tunanin ƙirƙira zai tsira daga wannan asara.

Batun ado ya fi ba da mamaki. Binciken na Salford ya gano cewa ajin da bangonsa ke fayau da wanda aka cika maƙil da hotuna duk suna rage koyo. Tsaka-tsaki ne ya fi. Wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 2014 ya nuna haka a fili. An koya wa yara 24 'yan ajin share fage darussan kimiyya shida, uku a ɗakin da aka cika da ado, uku a ɗakin da babu. A ɗakin ado hankalinsu ya fi kaucewa, kuma sun amsa kashi 42 cikin 100 na tambayoyi daidai, a ɗaya ɗakin kuwa kashi 55. Yaran kaɗan ne, ba za a gina siyasar ilimi a kan gwajin ba, amma ya isa ya sa a yi hattara da zaton cewa yawan launi shi ne zaburarwa.

Haka nan batun rushe bango tsakanin azuzuwa. A shekarun 1960 da 1970 makarantu da dama a Birtaniya da Amurka sun gina manyan zaurukan da ajujuwa da yawa ke zama tare, da nufin ba yara sakewa. Hayaniya ta sa da yawansu suka mayar da bangon. Ƙasar New Zealand ta sake gwada salon a 'yan shekarun baya, kuma a watan Yulin 2025 gwamnatinta ta sanar da daina gina irin waɗannan azuzuwa, bisa koken makarantu kan hayaniya da wahalar kula da ɗalibai. Masu goyon bayan salon suna cewa laifin na rashin horar da malamai ne kan koyarwa a rukuni. Ko da haka ne, maganarsu ta tabbatar da cewa gini ba ya sauya koyarwa shi kaɗai.

Ɗakin da matasa ke da iko a cikinsa

A 1994, a makarantar firamare ta Caol da ke kusa da Fort William a Sikotland, ɗalibai suka mayar da wani ɗaki da ba a amfani da shi ɗakin fasaha, aka san shi da Room 13. Ɗakin kansa ba shi da wani abin kallo. Abin da ya bambanta shi shi ne yadda ake tafiyar da shi: yaran ne ke zaɓar shugabanninsu, su riƙe lissafin kuɗi, su nemo kuɗin shiga, su sayi kayan aiki, su kuma biya ƙwararren mai zanen da ke aiki tare da su. Mai zanen abokin aiki ne, ba mai ba da maki ba. Yaro na iya barin aji ya shiga ɗakin matuƙar bai bar aikin ajinsa a baya ba. Wannan tsari ya bazu zuwa makarantu a wasu ƙasashe.

A birnin Boston kuma, a 1993, Mitchel Resnick da Natalie Rusk suka kafa wata cibiya ta bayan tashi daga makaranta mai suna Computer Clubhouse, bisa haɗin gwiwar wani gidan tarihin kwamfuta da jami'ar MIT. An yi ta ne domin matasan unguwannin talakawa, kuma ƙa'idarta ita ce matashi ya zaɓi abin da zai ƙera, manya 'yan sa-kai su taimaka masa idan ya cije. Daga aiki da irin waɗannan matasa aka samu manhajar Scratch, wadda aka saki a 2007 kuma yara a faɗin duniya ke koyon shirya manhaja da ita.

Babban ɗakin karatu na Oodi da aka buɗe a Helsinki, babban birnin Finland, a Disambar 2018, ya ɗauki wannan tunani zuwa matakin birni. Hawa guda cikin ukunsa an ware shi ne ga kekunan ɗinki da ɗakunan naɗar sauti da na'urorin ƙere-ƙere da ɗakunan taro, kuma an nemi shawarar mazauna birnin tun ana tsara shi. Gini ne mai tsada, amma abin da ya haɗa shi da ƙaramin ɗakin Caol abu ɗaya ne: matashi na iya shiga ba tare da gayyata ba, ya taɓa kayan aiki na gaske, ya dawo gobe.

Abin da abokin waje ke kawowa

Malami ɗaya ba zai zama masassaƙi da mawaƙi da injiniya a lokaci guda ba. Abokin waje yana kawo ƙwarewa da kayan aiki, yana kuma kawo masu kallo na gaske, domin aikin da za a baje a gidan tarihi ko a yi amfani da shi a unguwa ya bambanta a idon yaro da wanda malami zai sa wa maki ya ajiye.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga birnin Houston na Amurka. Daniel Bowen da Brian Kisida sun bi makarantu 42 da ɗalibai sama da 10,000, inda aka yi ƙuri'a wajen zaɓar makarantun da za su samu ƙarin ayyukan fasaha daga ƙungiyoyin birnin. Sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna raguwar ɗaliban da ake hukuntawa kan rashin ɗa'a da ɗigo 3.6 cikin 100, da ƙaruwar makin rubutu, da ƙaruwar tausayin juna. A lissafi da karatu da kimiyya kuwa ba a ga wani sauyi ba, sama ko ƙasa. Wannan ya amsa fargabar iyaye cewa fasaha za ta cinye sauran darussa, ya kuma rage zaƙin masu cewa tana ɗaga komai.

Ingila ta gwada abin a matakin ƙasa da shirin Creative Partnerships, wanda ya fara a 2002 a yankuna 16 masu fama da talauci, ya kai ga yara sama da miliyan guda. Shirin ya ƙirƙiro wani muƙami na mai shiga tsakani, wanda aikinsa shi ne fahimtar buƙatar makaranta da nemo mai fasahar da ya dace, saboda an lura malami da mai fasaha sukan yi magana ba su fahimci juna ba. Hukumar duba makarantu ta Ofsted ta yaba wa shirin a 2006, amma ta lura cewa ɗalibai da yawa ba su san yadda za su yi amfani da abin da suka koya su kaɗai ba. A 2011 aka yanke kuɗin shirin lokacin tsuke bakin aljihu, ya tsaya.

Akwai kuma inda ginin kansa shi ne haɗin gwiwar. Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, yana karatun zanen gine-gine a Jamus ya tara kuɗi domin gina wa ƙauyensu makarantar firamare, wadda aka kammala a 2001. Mutanen ƙauyen ne suka buga tubalan laka suka yi ginin. An ɗaga rufin kwano sama da silin laka mai ƙofofin iska, ta yadda zafi ke fita ta sama, sanyi ya shigo ta tagogi. Haske da iska da Salford ta auna daga baya, an same su nan da kayan gida. Waɗanda suka yi aikin sun fita da sana'a a hannu, kuma su ne masu iya gyara ginin idan ya buƙata. Makarantar ta ci lambar yabo ta Aga Khan kan zanen gine-gine a 2004, Kéré kuma ya ci lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta wannan fanni, a 2022.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Saɓani na farko a kan dalili ne. Wasu suna kare ilimin fasaha da cewa yana ƙara maki a sauran darussa kuma yana shirya matasa don kasuwar aiki. Wasu na ganin wannan tarko ne: idan makin bai ƙaru ba, an ba masu yanke kasafi hujja. Wani nazari na OECD a 2013 ya gano cewa shaidar irin wannan tasiri ba ta da ƙarfi a fannoni da dama, ya kuma ba da shawarar a kare fasaha saboda abin da take koyarwa ita kanta. Masu wannan ra'ayi sukan jingina da sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wanda ya sa wasa da shiga harkokin al'adu da fasaha cikin haƙƙoƙin yaro.

Na biyu a kan wanda ke cin moriya ne. Shirin kiɗa na El Sistema da José Antonio Abreu ya kafa a Venezuela a 1975 ya yi suna a matsayin hanyar ceto 'ya'yan talakawa. Wani bincike da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya ɗauki nauyi, aka wallafa a 2017, ya bi yara kusan 3,000, ya ga ƙaruwar kamun kai da raguwar matsalolin ɗabi'a, musamman ga maza da suka taso cikin tashin hankali. Amma ya nuna cewa kimanin kashi 17 cikin 100 ne kawai na yaran da suka nemi shiga suka fito daga gidajen matalauta, alhali talauci a jihohinsu ya kusan kashi 47. Masu suka, irin su masanin kiɗa Geoffrey Baker, sun ƙara da cewa horon na bin umarni ne da maimaitawa, ba ya ba yaro damar ƙirƙirar nasa. Masu kare shirin suna cewa sai da ƙwarewa ake ƙirƙira. Kowanne da gaskiyarsa, amma alƙaluman talaucin sun nuna cewa buɗe ƙofa kyauta bai isa ya kawo wanda aka yi abin dominsa ba.

Na uku a kan manyan gine-gine ne. Birnin Medellín na Kolombiya ya gina ƙayatattun ɗakunan karatu a unguwannin talakawa zamanin magajin gari Sergio Fajardo, bisa hujjar cewa talaka ma ya cancanci gini mai kyau, kuma kyan wuri yana gaya wa yaro darajarsa. Mafi shahararsu, Biblioteca España, an buɗe shi a 2007, aka rufe a 2015 saboda matsalar gini, ya shafe shekaru a rufe. Masu suka suna cewa da an raba kuɗin ga ƙananan wurare da albashin ma'aikata da ya fi.

Abin da zai shafi iyaye da malamai da matasa

Ga iyaye, tambayoyin da suka fi amfani idan makaranta ta sanar da sabon ɗakin fasaha ko sabon abokin hulɗa su ne: sau nawa yaro zai shiga a mako, wa zai kasance tare da shi, an tantance manyan da za su yi hulɗa da yara, kuma akwai kuɗin da za a ɗora wa iyaye daga baya? Sakamakon PISA ya nuna cewa ɗaliban da ke shiga irin waɗannan ayyuka kamar sau ɗaya a mako sun fi masu shiga jefi-jefi maki, sun kuma fi masu shiga kullum. Wannan alaƙa ce, ba hujjar sanadi ba, amma tana nuna muhimmancin a kai a kai.

Ga malamai, haɗin gwiwa ƙarin aiki ne kafin ya zama sauƙi: tsarawa, da tarurruka, da daidaita jadawali da jarrabawar da ba ta auna ƙirƙira. Inda malami ya zauna a ɗakin ya koya tare da ɗalibansa, ƙwarewar takan zauna a makaranta bayan baƙo ya tafi. Inda ya ɗauki lokacin a matsayin hutu, tana tafiya da baƙon.

Ga masu fasaha da masu sana'ar hannu, dama ce ta samun kuɗin shiga da magada, matuƙar ana biyansu. Shirin da ya dogara kacokan ga 'yan sa-kai yakan yi ƙarfi a unguwannin da mutane ke da rarar lokaci, ya yi rauni inda aka fi buƙatarsa. Kamfanonin da ke ba da tallafi kuma suna da nasu muradin, don haka ya kamata a rubuta a yarjejeniya wa ke da ikon zaɓar abin da za a koyar, da abin da za a yi da hotuna da bayanan yara.

Matasan da ke nesa da manyan birane su ne abin ya fi yi wa wuya, domin gidajen tarihi da jami'o'i da kamfanoni a birane suke taruwa. A wurarensu abokin hulɗa yakan zama maƙeri ko maɗinki ko manomi ko ƙaramin gidan rediyo, kuma tsarin UNESCO ya ambaci ilimin gargajiya da masu riƙe da shi a cikin abin da ya kamata makarantu su jawo. Matsalar ita ce dokokin ɗaukar ma'aikata da biyan kuɗi na hukumomin ilimi sukan nemi takardar shaidar karatu ko rajistar kamfani, waɗanda irin waɗannan mutane ba su da su. Sai an sassauta waɗannan ƙa'idoji, an kuma sa kuɗin kayan aiki da gyara da ladan mai koyarwa cikin kasafin makaranta na kowace shekara, sannan irin wannan haɗin gwiwa zai wuce wa'adin tallafin da ya kafa shi.